Sanin Mai Sallama Daban, Ba Shi Izinin Shiga Daban

Gaisuwa ta musamman yau ga matan ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina, wato Batsari da Safana, tun daga Wagini zuwa Ruma, daga Runka zuwa Zakka, da duk wadda ta ajiye rediyonta kusa da murhu ko gefen keken ɗinki tana jin mu. Allah Ya ƙara mana zaman lafiya, amin.

Yau zancen kuɗinki da sunanki za mu yi, amma bari mu faro daga ƙofar gida. Da yawanmu a jikin bangon zaure an rubuta "Ba shiga". Idan namiji ya zo, tsayawa yake yi ya yi sallama, ke kuma daga ciki ki ce wa yaro, "Je ka ga wane ne." In yaro ya dawo ya ce ai Kawu ne, ƙanen mahaifiyarki, sai ki ce ya shigo har ɗaki. In kuwa ya ce abokin maigida ne, to kin san shi sarai, kin san muryarsa, kin san matarsa, amma iyakarsa zaure. Can za a shimfiɗa masa tabarma a kai masa ruwa. Mai ga-ruwa kuma ya shigo tsakar gida ya juye a randa ya fita, bai isa ya leƙa ɗakin kowa ba.

Kin ga ashe tambayoyi biyu kike yi kullum ba tare da kin lura ba. Ta farko, wane ne? Ta biyu, ina ne iyakarsa? To, masana harkar kwamfuta da suke tsara tsaron bankuna da wayoyin hannu, su ma a kan waɗannan tambayoyi biyu suka gina aikinsu. Ta farkon ita ce tantancewa, wato mutum ya kawo shaidar da za ta tabbatar shi ɗin ne. Ta biyun ita ce izini, wato bayan an san shi, me aka yarje masa ya yi, me aka hana shi. Wadda ta raba tsakanin waɗannan biyun, da wuya a cuce ta.

Hajiyoyinmu da suka sauke farali sun san wannan. Fasfo shi ne yake faɗin ko ke wace ce, har a duba hotonki a ɗauki zanen yatsunki a filin jirgi. Biza kuwa ita take faɗin abin da aka yarje miki, shi ya sa wadda take da bizar Umara ba za a bar ta ta yi Hajji da ita ba, ko da fasfonta ba shi da matsala ko ɗaya. Haka nan waɗanda suka fita zaɓen 2023 sun ga na'urar BVAS, wadda take duba yatsa ko fuska ta tabbatar mai katin ce ta zo da kanta. Duk da haka, wadda rumfarta take Batsari ba za ta je Safana ta jefa ƙuri'a ba. An san ta, amma izininta yana rumfarta.

Yanzu mu ɗauki tantancewa. Shaidar da ake karɓa iri uku ce, kuma duka mun gaje su tun kaka da kakanni. Akwai abin da kika sani, kamar wata magana da ke da 'yar'uwarki kaɗai kuka san ta. Akwai abin da kike riƙe da shi, kamar makullin akwati, ko zoben da iyayenmu kan ba yaro ya kai wa uwar adashi don ta yarda lallai su suka aiko shi. Sannan akwai abin da yake jikinki, kamar fuska da murya da zanen yatsa. A zamanin nan, lambar sirri ita ce abin da kika sani. Katin ATM da layin wayarki su ne abin da kike riƙe da shi. Zanen yatsa da hoton fuska kuma su ne abin da yake jikinki. Banki ba ya son dogara da shaida ɗaya, shi ya sa yake haɗa biyu: kati da lambar sirri. Wanda ya tsinci katinki bai san lambar ba, aikin banza ya tsinta, don in ya yi ta gwadawa ya kuskure sau uku, akan rufe katin.

Daga nan ne BVN da NIN suka samo asali. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN, lamba ce mai alƙaluma 11 da aka ɗaura a kan zanen yatsunki da hotonki, kuma ita ɗaya ce tak a duk bankunan da kike hulɗa da su. NIN kuwa lambar ɗan ƙasa ce da hukumar NIMC take bayarwa, ita ma alƙaluma 11. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umarni a haɗa kowane layin waya da NIN, har a watan Afrilu na 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Ma'anar wannan duka ita ce, asusunki da layinki yanzu suna ɗauke da sunanki kamar yadda ɗiyarki take ɗauke da sunan babanta.

To, ga inda gizo yake saƙar, kuma ina roƙon ki ajiye abin da kike yi ki saurare ni. Injin banki ba shi da ido. Uwar adashi in ta ga zobe a hannun baƙon yaro, za ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan gidan wa ne?" Injin ba ya wannan tambaya. Duk wanda ya zo da kati ya danna lambar da ta dace, a wurin injin ke ce kika zo da kanki. Saboda haka ranar da kika miƙa wa wani katinki tare da lambar sirrinki, ba aike kika ba shi ba, kanki kika ba shi sukutum. Kin yi niyyar ya tsaya a zaure, sai ga shi kin damƙa masa makullin ɗaki da na akwati.

Mu kuma matan da muke cikin gida, yawancin hulɗarmu da waje ta hannun wani take bi. Yaro ne zai kai tallan ƙuli-ƙuli, ƙanen miji ne zai sayo gyaɗa ranar kasuwa, almajirin gida ne zai je wurin mai POS. Wannan ba laifi ba ne, haka zamanmu yake. Amma ku ji abin da ya faru da gwaggona. Mai sana'ar man gyaɗa ce, lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 aka buɗe mata asusu don masu saye sun koma tiransifa. Da yake tsohuwar wayarta ta lalace, sai aka sa lambar wayar wani yaron gidan. Shi yake riƙe da katin, shi ya zaɓi lambar sirrin, kuma saƙon alat wayarsa yake zuwa. In ta ce ciro dubu biyar, ya ciro shida ya kawo biyar. Sai da ta tashi sayen buhun gyaɗa da kaka aka ga kuɗin ba su kai ba. Da aka bincika, babu inda takarda ta nuna an yi sata, don kowane cira da katinta da lambarta aka yi shi. Yaron ba baƙo ba ne, a gabanta ya girma. Ita dai ƙofar ce aka bar masa a buɗe wata da watanni, babu mai dubawa.

Yaya ke nan za ki ba mutum izini ba tare da kin ba shi kanki ba? Masu tsaron kwamfuta suna da ƙa'ida: a ba kowa gwargwadon abin da aikinsa yake buƙata, kada a ƙara masa ko kaɗan. Ke ma haka kike yi in za ki aiki yaro cefane, kuɗin cefanen kike ƙirga masa, ba ki ba shi jakar gaba ɗaya. Ga yadda za ki bi wannan ƙa'ida a harkar banki.

Na farko, in kina son tsabar kuɗi, ki nemi mai POS ɗaya da gidanku ya sani aka yarda da shi. Daga cikin ɗakinki ki tura masa adadin da kike so da wayarki, da hannunki, sannan ki kira shi ki ce ga wanda zai zo karɓa. Yaro ya je ya karɓo. Katinki bai fita ba, lambarki ba ta fita ba, izinin yaron kuma bai wuce kuɗin da kika tura ba.

Na biyu, in dole sai kati ya fita, to ki raba tukunya biyu. Asusu ɗaya na jari da ajiya, wanda babu mai taɓa shi sai ke. Ɗaya kuma ƙarami na aike, wanda kike zuba masa abin da za a kashe a ranar kawai. In an yi ɓarna, a ƙaramar tukunya za ta tsaya.

Na uku, saƙon alat ya riƙa shigowa wayar da take hannunki. Shi ne littafin lissafinki. In da wata lambar aka buɗe miki asusu, ki nemi maigida ko muharraminki ya raka ki banki, ko Dutsin-Ma ne ko Katsina, a mayar da ita taki. Wahalar yini ɗaya ce.

Na huɗu, izini yana da ranar ƙarewa. Almajirin gida ya koma garinsu, ko an samu saɓani da wadda take taimaka miki, ko aure ya ƙare, to a ranar ki canza lambar sirri. Ai in makulli ya ɓata kwaɗo ake sakewa, ba a zama ana kyautata zato. Mutanen Batsari da Safana ba za su manta watan Satumba na 2021 ba, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, lokacin da aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har sai a watan Disamba aka fara dawo da shi. A kwanakin nan sai mutum ya yi tafiya zuwa inda ake da sabis kafin ya yi kira ko ya ciri kuɗi. Matar da ba ta fita kuwa, dole ta haɗa waya da kati da lamba ta ba mai tafiya. Larura ce, babu mai ganin laifinta. Tambayata ita ce, tun da larurar ta wuce, kin canza lambar? In har yau tsohuwar ce, to duk wanda ya riƙe ta a wancan lokaci har gobe yana da makullinki.

Sai kuma ɗaya ɓangaren. Kamar yadda banki yake tambayar ko ke wace ce, ke ma kina da haƙƙin ki tambayi mai kiranki ko shi wane ne. Waya ƙofa ce da ba ta da zaure, baƙo yana sallama sai ga shi a kunnenki. Wani zai kira da murya mai daɗi ya ce daga banki yake, za a rufe asusunki. Wani ya ce sunanki ya fito a tallafin gwamnati. Zai faɗi cikakken sunanki, wataƙila har da ranar haihuwarki, don ki saki jiki. Sanin sunanki ba shaida ba ce, ko mai tallan goro ya san sunan matan unguwa. Daga nan sai ya ce, "Hajiya, yanzu za ki ga wasu lambobi sun shigo wayarki, ki karanto mini." Waɗannan lambobi su ake kira OTP, makulli ne na amfani sau ɗaya da banki ya aiko miki don ya tabbatar layin yana hannunki. Shi ɓarawon yana can ya riga ya kai bakin ƙofa, wannan makulli kaɗai ya rage masa. Ki riƙe wannan da kyau: ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ba ya tambayar OTP. Duk wanda ya tambaya, ki kashe wayar, ba sai kin yi masa sallama ba.

Irin wannan dabara ake yi wa masu WhatsApp. Sai a kira ki a ce za a yi taron ƙungiyar Islamiyya ko na biki, an turo miki lamba shida ki faɗa a sa ki a ciki. Kina faɗa, an ƙwace shafinki, sai a shiga aika wa 'yan'uwanki saƙo da sunanki ana neman rance. Maganinsa, kada ki faɗi lambar, sannan ki sa a kunna miki matakin tsaro na biyu da yake cikin WhatsApp ɗin, ke ki zaɓi lambar da kanki. Kuma in saƙo ya zo da sunan ɗanki ko ƙanenki wai yana cikin matsala a turo kuɗi maza, ki dakata. Yanzu har muryar mutum ana iya kwaikwaya da kwamfuta. Ki kira shi a lambar da kika saba, ko ki tambaye shi abin da 'yan gida kaɗai suka sani. Gaggawa ita ce jarin macuci.

Akwai wata magana mai nauyi da ta shafi yankinmu musamman. Kada ki yarda a yi wa kowa rijistar layi da NIN ɗinki, ko a buɗe asusu da BVN ɗinki, wai don a ba ki 'yan kuɗi ko don kunya. Mu da muke maƙwabtaka da dajin Rugu mun san irin aikin da miyagu suke yi da waya, da kiran neman kuɗin fansa da tsegunta musu labarin gari. Layin da aka yi wa rijista da sunanki, duk abin da aka aikata da shi, sunanki ne zai fara fitowa in jami'an tsaro suka bi sawu. Kina ɗakinki ba ki san hawa ba ba ki san sauka ba, a zo ana sallama da maigidanki a kanki. Wanda yake da gaskiya ya je ya yi da nasa.

To, wata za ta ce, maigida fa? Ni ba na shiga tsakanin mace da mijinta. In kun yarda da juna kun san lambobin juna, wannan shawararku ce, sai dai ki yi ta da sani, kin san cikakken iko kika bayar. Abin da nake so mu gane shi ne, sanin lamba bai zama izini ba, kuma wannan ya hau kanmu mu ma. In maigida ya ba ki katinsa ki ciri kuɗin cefane, iyakarki kuɗin cefane. In Allah Ya yi masa rasuwa kina da lambarsa, injin zai ba ki kuɗi don bai san an yi mutuwa ba, amma kuɗin nan sun zama na magada, sai an raba. Haka nan dukiyar mace tata ce, ɗa ko ƙane ko miji da ya san lambarta bai zama mai ita ba. Injin yana duba lamba ne kawai, amana kuwa tsakanin mutum da Ubangijinsa take.

Game da zaɓen lamba, alƙaluma huɗu suna iya haɗuwa ta hanya 10,000, amma mutane sai su tafi ga 1234 ko 0000 ko shekarar haihuwa, su ne kuwa ɓarawo yake fara gwadawa. Ki zaɓi abin da ba ya cikin katinki, ba ya cikin lambar wayarki. Kada a rubuta a bayan kati ko a takardar da take cikin jaka ɗaya da shi. 'Yar'uwata da ba ta yi boko ba, kada ki ce wannan ya fi ƙarfinki. Alƙaluman nan goma ne kacal. Ke da kike riƙe lissafin adashin mutum ashirin a ka, kike gane kowace takardar kuɗi, huɗu ba za su gagare ki ba. Ki sa ɗiyarki ta nuna miki su a jikin waya har hannunki ya saba, sannan ki zaɓi naki ke kaɗai. Haka kuma ki sa wa wayar kanta makulli, ki sa wa layin ma lambar sirri, don wanda ya saci waya yakan cire layin ya sa a wata, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗin mai shi. Sai dai ki riƙe lambar layin da kyau, don in aka kuskure sau uku yana rufewa.

In kuma tsautsayi ya faɗa, waya ta ɓata ko an ƙwace, kada a tsaya jimami har gobe. A ranar a sanar da banki ya rufe asusun, a sanar da kamfanin layi ya rufe layin, daga baya ki je da NIN ɗinki a dawo miki da shi. Tun yau ki sa a rubuta miki lambar kiran bankinki, wadda take bayan katinki, a ajiye a wani wuri daban. Kuma wadda aka riga aka cuta, kada kunya ta sa ta yi shiru. Ana cutar 'yan boko, ana cutar manyan 'yan kasuwa. Faɗa da wuri shi yake sa a tare ɓarnar.

Aikin gida na wannan mako guda uku ne. Ki duba wayar wa alat ɗinki yake shiga. Ki ƙirga mutum nawa suka san lambar sirrinki. In sun wuce waɗanda kika nufa, ki canza ta kafin mu sake haɗuwa. Ki kuma isar da wannan ga abokiyar zamanki da maƙwabciyarki da ba ta samu saurare ba.

Nan za mu dasa aya. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta rashin tsaro a Batsari da Safana da ƙasa baki ɗaya. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa.